Luguden Sadiya

"Husaina, ƙara muryar rediyon nan, ga angonmu ya fara!" in ji wata daga cikin baƙin.

Husaina, ƙanwar amarya, ta murɗa, muryar Rabi'u ta cika tsakar gidan. Matan da suka zo ganin lefe suka yi tsit, kowace da atamfa a kan cinya. Zuhaira ta sunkuyar da kai tana murmushi a ɓoye. Saura sati uku a ɗaura mata aure da mai muryar nan, kuma yau ne karon farko da rediyon garin Tanut zai sa kiɗansa.

"Wannan shi ne kiɗan farko a faifaina," in ji shi. "Wata biyar na yi ina neman sa, sai a Ollelewa na same shi. Na kuwa sa mishi sunan mai shi."

"To, mene ne sunan?" in ji mai shirin.

Husaina ta mintsini yayarta a cinya. Zuhaira ta riƙe numfashi.

"Luguden Sadiya."

Sai ga ƙarar taɓarya daga cikin rediyo, dum... dum... da tafi biyu a tsakani. Can sai fiyano ya shigo a hankali, yana bin dakan, yana kauce masa, yana dawowa. Daɗi kam akwai daɗi, ko maƙiyi ba zai musa ba. Amma babu wadda ta saurara a tsakar gidan nan. Duk ido ya koma kan amarya.

Gwaggo Balki, ƙanwar mahaifinta, ta ajiye atamfar hannunta.

"Wace ce kuma Sadiya a danginmu?"

Matan suka dubi juna.

"Na ce wace ce Sadiya!"

Zuhaira ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta tsallake akwatuna ta faɗa ɗaki ba. Ta jingina da ƙofa, kiɗan nan kuwa yana biyo ta ta taga.

Wani zai ce mene ne abin tayar da hankali, ai suna ne kawai. A Faransa ƙila suna ne kawai. A nan ƙasar Damargu kuwa namiji ba ya ɗaukar sunan budurwa ya sa a kiɗa, ya kai rediyo gari duka ya ji, sannan ya ce ba komai. Wannan ko tsohuwar da ke saida gyaɗa a bakin tasha ta san fassararsa.

Shi Rabi'u ɗan manoman gero ne daga Falanko. Yana ɗan shekara sha biyu aka kawo shi lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, a gidan matasa ya tarar da wani tsohon fiyano mai batir wanda maɓallansa uku suka mutu, daga nan karatu ya shiga uku. Ya yi kiɗan biki a Damagaram, ya yi makarantar kiɗa a Yamai, ya wuce Dakar, daga can wasu makaɗan jaz suka tafi da shi Turai. Shekara goma sha ɗaya yana yawo kafin ya dawo gida ya haɗa faifan farko mai ɗauke da sunansa. Zuhaira kuwa ungozoma ce a likitar Tanut, wato asibitin garin. Ranar da suka haɗu ƙaya ce ta soke shi a yatsa, ya shigo yana salati kamar an yanke masa hannu, ta cire ta tana dariya har da hawaye. Tun daga ranar yake ce mata Likitata.

Auren bai zo da sauƙi ba. Mahaifinta, da ake ce wa Mushe Mato irin kiran Faransanci, tsohon daraktan lakwal, mutumin Damagaram, cewa ya yi makaɗi makaɗi ne ko a jirgin sama yake kiɗan. Shekara guda cur Zuhaira ta yi tana kuka, tana aika manya, kafin ya ce to, shi ma da ƙyar.

Ga shi yau makaɗin ya kira sunan wata.

Bayan la'asar Rabi'u ya iso zauren gidan, baki har kunne.

"Likitata! Kin ji? Kin ji shi?"

"Na ji. Duk Tanut ta ji."

"To yaya? Faɗa mini gaskiya, wurin da na shiga da hannun hagu..."

"Wace ce ita?"

Ya tsaya, ya dube ta. Sai yanzu ya lura idanunta sun kumbura.

"Sadiya? Wata yarinya ce a Ollelewa. Sheri, masoyiyata, ba ki san wahalar da na sha ba. Gari goma sha ɗaya na zaga, ko'ina injin niƙa ya kashe daka. Wadda ma ta iya luguden, sai ki ji shi a miƙe kamar faretin soja. Ita kuwa in ta jefa taɓarya sama ta yi tafi, sai ta ɗan jinkirta bugu na uku. Kaɗan fa! Kamar za ta yi tuntuɓe, amma ba ta faɗuwa. Abin da na yi shekaru ina koyo a wurin Turawa da baƙaƙen Amurka, ashe yana nan bayan gidanmu..."

"Sau nawa ka je?"

"Tara... ko goma."

"A ina kake zama?"

"A tsakar gida, kan tabarma."

"Wa ke kawo maka ruwa?"

"Ita."

"Da hura?"

"Da hura."

"Ka sha?"

"To in ƙi, Zuhaira?"

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Namiji baligi, wanda bai yi aure ba, ya je gidan budurwa sau goma, ya zauna a tabarma, ya sha hurarta, sannan ya kai sunanta rediyo. Rabi'u, a garinku me ake kiran wannan?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo masa. Mutumin da ke jin bambancin rabin numfashi a cikin kiɗa, ya kasa jin abin da gari duka ke faɗa.

"Na rantse miki ban taɓa kallon ta haka ba. Suna kuwa dole ne. A aikinmu in ka ɗauki sautin mutum sai ka rubuta sunanshi, in ba haka ba sata ce. Ni an yi mini. Shekara huɗu ina bugawa a faifan mutane a Dakar, ki duba ko'ina ba za ki ga Rabi'u ba. Na yi alkawari ba zan yi ma kowa haka ba."

"Ni kuwa da na yi shekara ina faɗa da ubana saboda kai, a ina ka rubuta nawa?"

Ta shige gida ta bar shi tsaye.

Kwana biyu zance ya zaga ko'ina. Aka ce uwar Sadiya ta faɗa a kasuwar Belbeji cewa baƙon ɗiyarta ya kusa aiko da manya. Aka turo wa Husaina wani hoto a wayar salula: Rabi'u zaune a tabarma, ƙwaryar hura a gabansa, idanunsa a rufe, wata doguwar yarinya a tsaye a kansa da taɓarya. Zuhaira ta ce ba za ta kalla ba. Ta kalla ya fi sau ɗari. Ta buɗe shi, ta faɗaɗa fuskar, ta faɗaɗa damtsen, tana neman aibi, ba ta samu ba.

Abin kunya ma, ranar Laraba da kowa ya fita sai ta jawo turmin maƙwabta, ta zuba gero, ta ce ita ma ai mace ce. Ita da ta tashi a gidan ma'aikaci, garin tuwonsu daga inji yake zuwa. Ta jefa taɓarya sama za ta yi tafi, taɓaryar ta dawo ta daki bakin turmi, turmi ya kife, kaji suka yi biki. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, tafin hannunta duk ya yi ja.

Washegari tana wurin aiki, tana auna masu ciki, wata doguwa baƙa kyakkyawa ta shigo riƙe da hannun matar yayanta. Zuhaira ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta haddace fuskar nan.

"Ke ce Madam Zuhaira?" in ji yarinyar. "Sannu da aiki. Ni ce Sadiya."

"Sannu."

"Ina ta so in gan ki. Shina yawan zancenki... da farko-farko."

Zuhaira ta ɗaura abin awon jini a hannun mai cikin, ta matse shi fiye da kima, har matar ta ce wash.

"Mutumin kirki ne wallahi," Sadiya ta ci gaba, tana gyara gyale. "In na ɗaga taɓarya sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai na gama. Ran nan har hawaye ya yi. Ya ce bai taɓa jin hannu irin nawa ba, har a ƙasar Turawa. Ke ma yana rufe miki ido haka?"

"Nan likita ce, ba dandali ba. Jira a waje."

Sadiya ta fita tana murmushi. Zuhaira ta gama aikinta tsaf, ta rubuta abin rubutawa, sannan ta shiga ɗakin magani ta kulle. Abin da ya fi ƙona ta shi ne ta san ba ƙarya yarinyar ta yi ba. Ita Rabi'u yana mata dariya, yana mata kirari, yana kallon ta kamar ya haɗiye ta. Amma bai taɓa rufe ido saboda ita ba.

Da ta koma gida Mushe Mato ya kira ta, Gwaggo Balki na zaune a gefe ta cika ta batse.

"Ai na gaya miki," in ji shi. "Ki faɗa mishi, daga nan zuwa Juma'a ya cire sunan ɗiyar mutane daga kiɗan nan, ko kuwa a zo a kwashe akwatuna. Ba zan ba da ɗiyata ana dariya ba."

"Makaɗi ke nan," in ji Gwaggo. "Yau Sadiya, gobe Ikilima, jibi wata. Bakinshi kasuwa ce."

Da hantsi ranar Juma'a Zuhaira ta ja Husaina suka tafi gidan da Rabi'u yake zaune da mahaifiyarsa, Inna Hadijatu. Ɗakin aikinsa a buɗe yake. Ga fiyanon lantarki mai tsawo, ga batirin hasken rana a ƙasa, ga kwamfuta, ga takardu cike da zane-zanen da shi kaɗai ya san karatunsu. Ya rame a kwana huɗun nan.

"Na riga na aika kawuna Ilyasu Ollelewa," ya ce tun kafin ta zauna. "Ya ba su haƙuri, ya gaya musu ba aure ya kai ni ba. Laifina ne, Zuhaira, na daɗe a waje har na manta gida. Sunan ma... in Baba ya ce a cire, zan cire. Zan sa Luguden Ollelewa."

Da a nan ta tsaya da an gama. Abin da mahaifinta ya nema ke nan, ba ƙari. Amma kishi ba ya ƙoshi da abin da aka ba shi.

"Ba suna ne damuwata ba."

"To mene ne?"

"Duk ranar da za ka buga kiɗan nan, ita za ka ji. A Yamai ita, a Faransa ita, a ɗakina ma ita. Ka rufe ido ka tafi wurinta ina zaune. Ban yarda ba. Ka goge."

"In goge me?"

"Duka. Dakanta duka."

"Yaya Zuhaira..." in ji Husaina a hankali.

"Yi mini shiru!"

Rabi'u ya zauna a kan kujerar fiyano. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kiɗa takwas ne a faifan, sheri. Shida a kan dakan nan na gina su. Masu fitar da faifan sun ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa. In na goge, babu faifai. Shekarata talatin da uku, ban san ko za a sake buɗe mini ƙofar nan ba."

"To ka zaɓa."

Ya daɗe yana kallon ta. Ita kuwa ta kafe shi da ido, zuciyarta tana cewa ba zai iya ba, yanzu za a ga gaskiya.

Ya jawo kwamfutar. Ya nuna mata sunayen, Sadiya ɗaya, Sadiya biyu, har goma. Ya zaɓe su duka ya danna. Ya ɗauko ƙaramar na'urar da yake ɗaukar sauti da ita, ya goge na ciki. Ya kira mai shirin rediyo a gabanta ya ce a share wanda aka sa.

"Shi ke nan," ya ce. "Ke na zaɓa, Likitata. Da ma ke ce."

Ya yi mata murmushi. Ta fito tana jin ta yi nasara, har ta sayi tsire wa Husaina a hanya. Husaina ta ƙi ci.

Daɗin nasarar bai kai sati ba.

Kullum bayan la'asar yana zuwa zance, da fara'arsa, da tsarabarsa. Yana tambayar aikinta, yana dariya inda ya kamata. Sai dai Rabi'un da ta sani ba ya iya zama hannunsa a kwance. Da, in suna hira, yatsunsa suna ta tafiya a kan gwiwarsa, a kan tabarma, a kan murfin kwano, har takan riƙe su ta ce ka saurare ni mana. Yanzu ya haɗa hannuwan ya ajiye a cinya kamar mai zaman makoki. Ta jira su motsa. Ba su motsa ba.

Ranar Alhamis Mushe Mato ya shigo gida da murna.

"Kai, yaron nan ya yi hankali! Ya je wurin Alhaji Abdu neman aiki a shagon kayan gini. Ya ce ya bar kiɗa. Yanzu na samu suruki. Balki, a ƙara buhun shinkafa a bikin nan!"

Gwaggo Balki ta rangaɗa guɗa. Zuhaira ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya.

Ta je gaida Inna Hadijatu washegari, lokacin da ta san ba ya nan. Tsohuwar ta ɗaga mata labulen ɗakin aikinsa. An lulluɓe fiyanon da zanen gado, an ɗora kwandon albasa a kai.

"Tun yana goye yake buga mini baya da yatsu," in ji Inna. "Na doke shi a kan kiɗan nan, ubanshi ya doke shi, bai bari ba. Ke kin iya abin da muka kasa, ɗiyata."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi.

Zuhaira ta tsaya tana kallon kwandon albasar. Shekara guda ta yi tana yaƙi don ta auri makaɗi, ga shi da hannunta ta mayar da shi mai saida siminti. Hawaye suka zubo mata.

"Inna, ina ƙaramar na'urar nan tashi?"

Ranar Lahadi da sassafe ta shiga motar kasuwa zuwa Ollelewa, ita kaɗai, na'urar a cikin jaka. Ta sa mai shirin rediyo ya nuna mata inda ake dannawa, ta maimaita har ta iya. Gonakin gero suna ta wucewa, an gama girbi, dammai a jere. Sau biyu ta so ta ce wa direba ya sauke ta.

Gidan bai yi wuyar samu ba. Da ta tambaya, matan bakin rijiya suka dubi juna suka ƙyalƙyale. "Gidan amaryar rediyo? Ga shi can."

Amaryar rediyo. Ashe sunan da suka sa mata ke nan tun zuwan Kawu Ilyasu.

Ta tarar da Sadiya ita kaɗai tana tsince wake. Babu gyale mai kyau yau, babu murmushi.

"Kin zo ki ga kunyata?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "To ga ta nan, kalla ki tahi."

"Na zo roƙo."

"Roƙon mi?"

Zuhaira ta zauna a ƙasa, ba a ba ta tabarma ba. Ta faɗa mata komai, gogewar, da zanen gado, da shagon siminti. Sadiya ta daina tsintar waken.

"Ya goge? Duka?"

"Ni na sa shi."

"Kwana goma ina daka har kahaɗata ta sage..." Ta cije leɓe. "To yanzu mi kike so?"

"Ki sake yi. Ni zan ɗauka."

Sadiya ta yi dariya mai ɗaci.

"Ke kam ba ki da kunya. Ni ban iya zuwa rijiya ba saboda mijinki. Innata ta faɗa ma duniya ina da baƙo. Ni ma na yarda, don mi ba zan yarda ba? Wa ya taɓa zama ya saurare ni? A gidan nan in ina daka sai dai a ce yi sauri, yunwa. Shi ya ce abin da nake yi yana da suna, yana da daraja. Na ɗauka ni yake so. Ashe hannuna ne kawai."

"Ni kuwa hannun nan naki nake kishi," in ji Zuhaira. "Har yanzu da nake zaune a gabanki ina kishin ki, Sadiya, ji nake kamar in tashi in shaƙe ki. Ni ya zaɓa, amma abin da ke sa shi rufe ido yana wurinki. Na gwada, turmin ma kifewa ya yi."

"Kin gwada daka?"

"Kaji suka cinye geron."

Sadiya ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da zane. Daga dariyar sai kuka. Suka zauna haka, kowace tana share nata.

"Sharaɗi biyu," in ji Sadiya daga baya. "Kada ya sake tako gidan nan har abada."

"Na yarda." Wannan kam da sauri ta yarda.

"Na biyu, sunana ya zauna. In dai an riga an yi mini dariya da shi, to a bar mini shi. Wata rana a ce ga abin da Sadiya ta iya."

Wannan kuwa ya yi wa Zuhaira nauyi. Ta tuna mahaifinta, ta tuna bakin Gwaggo, ta tuna matan lefe. Ta tuna za a faɗi sunan nan a Yamai da Turai, a gaban mutane, daga bakin mijinta, shekara da shekaru.

"Na ji," ta ce.

Sadiya ta jawo turmi, ta zuba gero, ta ɗaure zane a ƙugu. Zuhaira ta durƙusa, ta danna maɓallin, ta miƙa na'urar kusa da turmin kamar yadda aka koya mata.

Dum... dum... tafi biyu...

Ta saurara da haushi a ranta. Sai ta ji shi. Bugu na uku ya ƙi zuwa lokacin da take jira, gabanta ya faɗi kamar taɓaryar ta suɓuce, sai ga shi ya sauka daidai. Ya sake. Ya kuma sake. Hannunta ya gaji, gwiwarta ta yi tsami, ba ta motsa ba har geron ya zama gari, aka sake zubawa.

Da la'asar ta shiga ɗakinsa ba sallama. Yana zaune a bakin gado, ƙurar siminti a gashinsa. Ta sauke kwandon albasa, ta yaye zanen gadon, ta ajiye na'urar a kan fiyano.

"Mene ne wannan?"

"Saurara."

Ya danna. Bugun farko kawai ya ji ya miƙe tsaye.

"Zuhaira... wa ya ɗauko wannan?"

"Ni."

"Ke kika je Ollelewa? Ke?"

"Ka saurara na ce!"

Ya saurara. Ta zuba wa hannuwansa ido. Minti ɗaya, biyu, sai ɗan yatsan hagu ya motsa a kan cinyarsa. Sauran suka bi.

"Ya fi na farko," ya ce a hankali, idonsa ya kawo ruwa. "Ya fi nauyi. Kamar mai dakan tana..."

"Kuka take. Kai ka sa ta. Ni ma kai ka sa ni. Kuma ba za ka sake taka garin nan ba, na yi alkawari a madadinka."

"Na yarda, wallahi na yarda. Amma Baba fa? Ya riga ya gaya ma kowa na bar kiɗa."

"Baba nawa ne. Na yi shekara ina fama da shi, in ƙara sati bai kashe ni ba."

Haka kuwa aka yi. Mushe Mato ya yi faɗa, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarta, Gwaggo Balki ta yi yaji zuwa Damagaram ta dawo da kanta ana jibi biki. Amma da Zuhaira ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na je na ɗauko da hannuna, ni na ce a bar sunan," sai tsohon ya rasa abin kamawa. In amarya ce da kanta ta kawo, wa zai yi wa dariya? Aka ɗaura aure ranar Asabar.

Kwana tara bayan biki, da hantsi, ya kira ta ɗakin aiki. Ya gama haɗa kiɗa takwas ɗin, saura ya aika. Wurin sunan kiɗan farko ne kaɗai ya bari babu komai.

"Ke za ki faɗa," ya ce. "In kin ce a'a, ko yanzu..."

Ta tsaya a bayansa, ta dafa kafaɗarsa. Kishin yana nan, bai je ko'ina ba, ta ji shi ya taso mata har wuya. Ta haɗiye.

"Rubuta sunanta. Nata ne."

Ya rubuta. Ya juyo zai yi godiya, ta riƙe haɓarsa da yatsu biyu.

"Amma ka ji ni da kyau, Rabi'u. Duk inda za ka buga shi, ina kujerar gaba. Kuma idonka a buɗe."